Filin Lambu: Furen Usambara da tambayoyinku

Tun ranar da hoton 'yar tukunyar nan ta kan tagata ya fito a wannan shafi, wasiƙu ba su daina shigowa ba. Wasu sunan furen suke tambaya, wasu kuwa suna da shi a gida, kuka suka kawo. Masu sayar da furanni suna ce masa Afirikan bayolet, a littattafan masana kuma za ku ga an rubuta Saintpaulia. Ni dai furen Usambara nake ce masa, kamar yadda Jamusawa suke kiransa da harshensu, domin sunan yana tuna mini inda ya fito, kuma rabin amsoshin yau daga can suke. Na taƙaita wasiƙun, masu su su yi mini afuwa.

Tambaya: Salamu alaikum Malama. Wata huɗu ke nan da ƙawata ta ba ni wannan fure, ya zo da furanni shunayya cunkus. Yanzu ganyayen ƙasa sun yi laushi tuɓus kamar an dafa su, tsakiyarsa kuma ta yi baƙi. Wallahi ban taɓa fashin ba shi ruwa ba, safe da yamma. Har babbar tukunya na saya masa don ya sake. Ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ai kin faɗi amsar da bakinki har sau biyu: safe da yamma, da kuma babbar tukunya. Garin gyaran gira ne aka rasa ido.

Bari in kai ki gidansu tukuna. A arewa maso gabashin Tanzaniya akwai tsaunukan Usambara, suna cikin jerin tsofaffin tsaunukan da suka faro daga tuddan Taita na Kenya, suka gangara kudu ta Nguru da Uluguru har Udzungwa. Iskar da ke tasowa daga tekun Indiya takan zo ɗauke da danshi, ta yi karo da su, ta sauke ruwanta, shi ya sa kurmi ya lulluɓe su. A ƙarƙashin manyan itatuwa, a gefen ƙoramu, nan za ki tarar da furen nan manne a jikin dutse. Ya soka 'yan saiwoyinsa cikin tsaga, inda gansakuka da ruɓaɓɓen ganye suka ɗan taru. Ƙasar da yake rayuwa a kanta wani lokaci ba ta wuce cikin tafin hannu ba. Ruwan sama ya zo ya jiƙa shi, ya gangare abinsa. Iskar wurin kullum da laima, amma saiwar ba ta taɓa kwana cikin ruwa. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, wannan ma ko an kai shi bene na goma halin jikin dutse yake nema.

Ni ma uku na kashe kafin in gane. Na ukun ne na zazzage daga tukunya don in ga abin da ke ciki. Ƙasar ta cure kamar laka, tana tashin wari irin na kwatami. Saiwoyin da ya kamata su kasance farare sirara kamar zare sun koma ruwan ƙasa, da na murza ɗaya sai fatarta ta saɓule a yatsana. Wanda ya sayar mini ƙasar lambu zalla ya danƙara a ciki, ni kuma na bi ta da ruwa kullum, ina ganin kirki nake yi.

Ga abin da nake yi yanzu. Tukunya ƙarama, marar zurfi, mai huji a gindi. Ki auna faɗin shukar daga ƙarshen wannan ganye zuwa ƙarshen wancan, ki raba uku, shi ne faɗin bakin tukunyarki. Shuka mai faɗin santimita 24 tukunyar santimita 8 ta ishe ta. Za ki ga kamar an sa wa ƙato hular yaro, to haka yake so. A babbar tukunya ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba jiƙe take zama, daga nan ruɓa ke farawa.

Ƙasar kuma ta zama sakwa-sakwa. Nakan haɗa niƙaƙƙen zaren ɓawon kwakwa, ko ganyen da ya ruɓe ya zama gari, da farar tsakuwar nan marar nauyi da ake kira falayit, kusan rabi da rabi, in barbaɗa ɗan dakakken gawayi. Gwajin ba wuya: jiƙa ta, ki damƙa a hannu, ki buɗe. In ta wargaje ta yi, in ta tsaya dunƙule ki ƙara tsakuwa.

Batun ruwa, ki manta da agogo. Sa yatsa a saman ƙasar, in kin ji ta bushe, ki zuba ruwa a faranti ki ɗora tukunyar ta sha ta ƙasa. Bayan minti 20 ko 30 ki zubar da abin da ya rage. Da kin saba, ɗaga tukunyar kawai za ki yi, nauyinta ya gaya miki. Mai yawan tafiya kuwa ta zura lagwanin zaren roba ta hujin gindi, ɗaya bakin cikin ƙasa, ɗayan cikin kwalbar ruwa a ƙarƙashi, shukar ta riƙa jan abin da take buƙata. Sai dai lagwani yana son ƙasa mai tsakuwa sosai, in ba haka ba an koma gidan jiya.

Naki dai, tunda tsakiyar ta yi baƙi, kada in yaudare ki, ya tafi. Amma ki duba ko akwai ganye biyu ko uku da har yanzu suke da ƙarfi. Ki cire su yau, kada ki kai gobe, ki karanta amsar da na ba mai tambaya ta biyar.

Tambaya: Malama, nawa lafiyarsa ƙalau, ganye kore shar, dogaye, sun miƙe sama. Amma yau shekara guda ko fure ɗaya bai yi ba. Yana kan tebur a tsakiyar falo. Na ƙara masa taki har sau uku, shiru.

Amsa: Ɗan uwa, miƙewar nan da kake gani ba alamar lafiya ba ce, roƙo yake yi. Furen Usambara da ya ƙoshi da haske ganyensa kwanciya suke yi, su zagaye tsakiya kamar faifai. In ka ga sun ɗaga sama, sandunansu sun yi tsawo sun sirance, to haske suke nema. Mutane sukan ji an ce shukar inuwa ce, sai su kai ta lungu. Inuwar kurmi daban, duhun falo daban. A can rana tana ratsowa ta tsakanin ganyayen itatuwa yini guda, tana dai zuwa ne a tace.

Ka matsar da shi bakin taga, wadda ke kallon gabas ta fi, ya sami hasken safiya mai taushi. In tagar tana shan ranar tsaka ko ta la'asar, ka sa labule marar kauri tsakani, don rana tsirara ƙona ganyen take yi, ya koɗe ya yi fari-fari. Ga yadda nake aunawa: in sa hannuna tsakanin taga da shukar da hantsi. In inuwar hannun ta fito a ganye amma gefenta bai yi kaifi ba, wurin ya yi. Duk sanda ka ba shi ruwa ka ɗan juya tukunyar, kada ya karkace gefe ɗaya. Wanda ba shi da taga mai kyau, fitilar lantarki mai farin haske tana yi, a rataye ta kamar santimita 30 sama da ganye, awa 12 a rana. A kashe ta da dare kuwa, domin yana buƙatar duhu na kamar awa 8 kafin ya ɗauki fure. Na san mai barin fitila a kansa dare da rana don ya yi sauri, har yau jira take.

Taki kuma ka dakata haka nan, kada garin neman ƙiba a samo rama. Saiwarsa ba ta jure taki mai ƙarfi. Abin da aka rubuta a jikin kwalba, kashi ɗaya cikin huɗu za ka riƙa sa wa a ruwan ban-ruwa, kuma masu renonsa da yawa suna guje wa takin yuriya. Duba bakin tukunyarka, ina kyautata zaton za ka ga wani farin ɓawo kamar kanwa ya taru. Gishirin taki ne, kuma duk sandar ganyen da ta kwanta a kansa sai ta ci wuta. Sau ɗaya a wata ka zuba ruwa zalla ta sama, a gefe-gefe, har ya tsiyaye ta gindi, ya wanke shi.

Abu na ƙarshe, ka buɗa ganyen ka leƙa. In ka ga wasu ƙananan kawuna suna tohowa daga jikin kara, 'ya'yan goyo ne, suna shanye ƙarfin da zai tafi ga fure. Ka ɓanɓare su da bakin fensir tun suna ƙanana. Kai ɗaya ake bar masa. In ka gyara haske, ka ba shi wata biyu.

Tambaya: Anti, wasu zobba-zobba masu ruwan ɗorawa sun fito a ganyen nawa bayan na wanke masa ƙura. Cuta ce?

Amsa: Ba cuta ba ce ƙanwata, ruwan sanyi ne. Ganyen nan mai gashi ba ya son a sauke masa zafin jiki farat ɗaya. In ruwan da ya fi shi sanyi ya taɓa shi, ƙwayoyin da ke ɗauke da koren sai su mutu a daidai wurin, tabon kuma ba ya gogewa. Ba ya yaɗuwa, sabbin ganye za su fito lafiya. Nan gaba ki share ƙura da buroshi mai laushi, irin na kwalliya. In wanka ya zama dole, da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ki tsane tsakiyar da tishu, kuma kada ya ga rana sai ya bushe. Ruwan ban-ruwa ma ki tara shi ya kwana a ɗaki.

Tambaya: Malama, ni ɗalibi ne. Me ya sa furen Afirka yake ɗauke da sunan Bature? Kuma har yanzu ana samunsa a daji?

Amsa: Ɗana, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. A shekarar 1892, lokacin da Jamus ke mulkin ƙasar da yanzu take Tanzaniya, wani jami'in mulkin mallaka a yankin Tanga, Walter von Saint Paul-Illaire, ya tsinci furen ya aika wa mahaifinsa irinsa a gida. Uban ya miƙa wa Hermann Wendland, shugaban lambun sarauta na Herrenhausen a birnin Hanoba. Shi ne a 1893 ya raɗa masa Saintpaulia ionantha: kalmar farko don girmama gidan Saint Paul, ta biyu kuma daga Girkanci, ma'anarta mai fure irin na bayolet. A shekarar ce aka baje shi a wani bikin nunin furanni a Gent ta Beljiyam. Kama ce kawai ta launi, ba shi da dangantaka da bayolet na gaskiya, danginsa su ne Gesneriaceae. Mutanen da suka zauna a gindin tsaunukan nan tun kaka da kakanni kuwa, ba wanda zai ce mini sai a 1892 idonsu ya faɗa kansa. Wanda ya riƙe alƙalami dai shi ya rubuta suna.

Kasuwarsa a Amurka ta bunƙasa. Wani kamfanin furanni na Los Anjalas, Armacost and Royston, ya sayo iri daga Jamus da Ingila a shekarun 1920, ya tace, ya fitar da 'yan nau'o'i, mafi shahara a ciki shi ne Blue Boy. A 1946 masoyansa suka kafa ƙungiya guda a Amurka don shi kaɗai. Yau nau'o'in da aka haɗa sun kai dubbai: fari, ja, ruwan hoda, mai ninki, mai gefe a tattare, har da ƙanana da za su zauna a kofin shayi. Na daji kuwa ba ruwansa da wannan ado. Fure ne ɗan ƙarami mai leɓe biyar, biyu ƙanana a sama, uku manya a ƙasa, launinsa tsakanin shuɗi da shunayya, da ɗigo biyu rawaya a tsakiya. Ni shi ya fi burge ni, amma wannan ra'ayina ne.

Sunan ma bai tsira ba. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa reshe ne a cikin wani babban gida mai suna Streptocarpus, kuma a 2015 masana suka mayar da shi can. Sai ka rubuta Streptocarpus ionanthus a jarrabawa, mu kuwa tsofaffi bakinmu ya riga ya saba.

Ana samunsa a daji, amma a 'yan wurare ƙalilan. Da an sare itatuwan da ke yi masa rumfa, don noma ko katako, dutsen sai ya bushe, shi ke nan. Akwai nau'in da ba a san shi ko'ina a duniya ba sai a tuddan Taita, kuma yana gab da ƙarewa. Gandun Amani da Tanzaniya ta keɓe a gabashin Usambara a 1997 yana cikin wuraren da ya sami mafaka. Fure yana cike da tagogin duniya, a gidan ubansa kuma ana ƙirga shi.

Tambaya: Hajiya, maƙwabciyata ta ce da ganye ɗaya ake samun sabuwar shuka. Gaskiya ne ko zolaya take yi?

Amsa: Gaskiyarta, kuma a duk harkar furen nan ba abin da ya fi wannan daɗi. Zaɓi ganye daga layin tsakiya, ba tsohon da ke can ƙasa ba, ba kuma jaririn tsakiya ba. Ɓalle shi da sandarsa. Da sabuwar reza ki yanke sandar a karkace, ki bar kamar santimita 3. Ki cika ɗan kofin roba mai huji da irin ƙasar da na faɗa a sama, mai ɗan danshi, ki soka sandar kamar rabinta, ganyen ya ɗan jingina baya. Kada ki nutsa ta da zurfi, 'ya'yan za su sha wahalar fitowa. Ki kifa farar leda a kai, ki ajiye inda haske yake ba rana. Sai ki ɗauke kai.

Nan ne mutane suke faɗuwa. Sati uku zuwa huɗu ba abin da za ki gani, alhali a ƙasa saiwa ce ke fita. Kada ki tuge don ki duba. Na taɓa yi, na ga 'yan fararen saiwoyi uku, na yi murna, na mayar, ganyen bai ƙara motsi ba. Wajen wata biyu, wani lokaci uku, wata safiya za ki ga wani abu kore a gindin sandar, bai kai ƙwayar shinkafa ba, gashi duk jikinsa yana ƙyalli. Kwana kaɗan ya buɗe biyu kamar kunnen ɓera. Sai wani ya biyo, sai wani. Ganye ɗaya yakan ba da uku, biyar, har fiye, duk sun cunkushe a gindin uwar.

Ki bar su sai kowanne ya yi ganye uku ko huɗu masu girman farcen babban yatsa. Sannan ki zazzage kofin, ki raba su da yatsu a hankali, kowa da 'yar saiwarsa, kowa da ƙaramin kofinsa. Daga ranar yanka zuwa furen farko ki sa rai da wata tara zuwa shekara. Sannu ba ta hana zuwa.

Togaciya ɗaya: akwai nau'in da furensa ke da ratsi daga tsakiya zuwa baki, kamar ƙafafun keke. Wannan in an dasa ganyensa 'ya'yan ba sa gado ratsin, launi ɗaya suke fitowa. Shi sai ta 'ya'yan goyon nan da na ce wa mai tambaya ta biyu ya ɓanɓare.

Tambaya: Malama, ɗakina yana da zafi ƙwarai, wani lokaci ma'auni yana nuna 35. Zai rayu?

Amsa: Zan gaya maka gaskiya ko ba daɗi. Abin da ya fi so digiri 18 zuwa 24 ne a ma'aunin Salshiyas. Ƙasa da 15 girma yake tsayawa. In aka haura 30 aka daɗe, furen sai ya ƙanƙance ko ya zube tun bai buɗe ba, ganye ya yi yaushi, ruɓa kuma ta fi saurin kama shi. Abin da ya sa bai cika saurin mutuwa ba shi ne, cikin kakannin na gida akwai waɗanda ƙasa-ƙasa suke zaune, kusa da gaɓar teku a yankin Tanga. Da irin na ƙololuwar Uluguru ne, wanda ko ƙwararru suke fama kafin ya yi musu fure, da ban ce ka gwada ba.

Ka nemi ɗakin da ya fi sanyi, ka sauke shi ƙasa-ƙasa tunda zafi sama yake tashi. Tukunyar yumɓu ta fi ta roba a nan, don tana tsatsafo da ruwa tana sanyaya saiwa. Ka zuba tsakuwa a tire da ɗan ruwa, ka ɗora tukunyar a kan tsakuwar ba cikin ruwan ba. Ka rage taki har zafi ya sauka. Kada ka kafa shi a gaban fanka ko bakin na'urar sanyaya ɗaki. Kuma in ka ga ya yi yaushi da tsakar rana, taɓa ƙasar kafin ka ɗauko buta, sau da yawa jiƙe take. In watannin zafinku sun fi na sanyi yawa, ka sayi ɗaya ka gwada, kada ka sayi biyar.

Tambaya: Mama, na ga wani farin abu kamar auduga a hammatar ganyen. Sannan kyanwata tana yawan gatsar ganyen, ina tsoro.

Amsa: 'Yata, audugar nan tana da ƙafa. Ƙwaro ne mai tsotsar ruwan shuka, ya lulluɓe kansa da farin gari. Fara raba tukunyar da sauran. Ki naɗa auduga ta gaske a tsinke, ki tsoma a sifirit, ki bi su ɗaya-ɗaya kina dangwalawa. Ki maimaita duk bayan kwana biyar ko mako, har wata guda, saboda ƙwan da ke ƙyanƙyashewa. Ki zazzage tukunyar ma ki duba, akwai ɗan uwansa da ke zama a saiwa. In kuma wata rana kika ga garin rawaya ya zube a kan leɓen fure ba wanda ya taɓa shi, wasu ƙwari ne sirara ke fasa jakar garin, sai ki tsinke furanni duka har da waɗanda ba su buɗe ba. Wanda ba na wahalar da kaina a kansa shi ne in tsakiyar ta takure, ta yi tauri, ta yi toka-toka da gashi: ƙwaron da ke yin wannan ido ba ya ganinsa, ni leda nake sa shukar in ƙulle in jefar, in wanke tukunyar da ruwan zafi. Duk sabon da kika kawo gida kuma, ya yi wata guda shi kaɗai kafin ya shiga cikin 'yan uwa.

Kyanwa kuwa ki kwantar da hankalinki. Ƙungiyar kare dabbobi ta Amurka, ASPCA, ta sa furen nan cikin jerin waɗanda ba su da guba ga kyanwa da kare. Furen ne abin tausayi. Tawa ba ta ci, kwanciya take yi a kai, don tagar gabas ɗin ita ma nan take so. Sai da na kafa wani ɗan katako can sama, wanda faɗinsa bai ishe ta zama ba, sannan muka shirya.